Wadda Ba a Tambaya Ba

"Kai Auta, wannan har wani abin tunani ne? Ka ɗauki ta nesa kawai!" in ji Yaya Babba, yana buga hannun kujera.

A falon Umma suke, laftof a cinyar Auta. Jami'o'i biyu ne suka ba shi adimishan na mastas a fannin tsara manufofin gwamnati. Ɗaya a cikin gari take, lakca sai ƙarshen mako, ba sai ya bar aikinsa na ma'aikatar ruwa ba. Ɗayar kuwa mai suna ce, amma tafiyar yini guda, kuma sai ya tare can shekara biyu.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta shigo da tiren shayi tana jan ƙafa, ga tsohon ciki.

"Yaya, da dai an bari in ce..."

"A'a Malama, maganar karatu ce ta manya. Aje shayin, Allah ya yi albarka."

Ta dubi mijinta. Gogan naka ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani harafi a laftof. Wallahi shirun nan shi ne babban laifinsa! Ya tambayi ogansa, ya tambayi abokai, har tsohon malaminsa ya kira a waya, amma matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi bai ce mata uffan ba.

Yaya ya yanke komai: Auta ya tafi ta nesa, a saki gidan haya, Malama ta koma wurin Umma. Gidan Umma ya yi nisa da makarantarta, dole ta aje aikin da take so kamar ranta. Ta haifi Bebi yana can yana jarrabawa. In ya kira waya, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau muke." Shi kuma sarkin wauta ya ɗauka lafiyar ce.

Wata safiya farfesa ta nuna musu hoton wata sabuwar kasuwa, gini tsaf, amma ko kaza babu a ciki.

"An tambayi injiniyoyi, an tambayi masana," in ji ta, "ba a tambayi masu kasa kaya ba. Duk tsarin da bai ji ta bakin wanda zai ɗauki nauyinsa ba, ya mutu tun a takarda."

'Yan aji suna ta rubutu. Auta kuwa biro ya faɗi daga hannunsa, tiren shayin nan kawai yake gani. Bai jira ƙarshen lakca ba, ya nufi tasha.

Ya tarar da akwatin Malama a bakin ƙofa. Umma na zaune jugum.

"Gidansu za ta," in ji Umma. "Ba ta taɓa gaya min baƙar magana ba, Auta. Mu muka cuce ta."

Ya shiga ɗaki, ya miƙa wa Bebi hannu, yarinya ta ƙanƙame uwarta ta fasa ihu. Nan hawaye suka zubo masa, ya durƙusa.

"Filis ki yafe min. Zan bar kwas ɗin, in dawo ta cikin gari. Ki faɗa min, wacce kike so?"

Malama ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Abban Bebi, sai yau? Ranar nan abin da zan ce ke nan: ka tafi ta nesa, ta fi, ni a bar ni a ɗakina da aikina, zan iya. Tafiyarka ba ta ƙona min rai ba. Mayar da ni da aka yi kamar kujerar falo, shi ya ƙona ni."

Ashe da tambaya ɗaya, da duk wannan bai faru ba!

Washegari da yamma Yaya ya zo yana faɗa. A karon farko Auta ya ɗaga kai.

"Yaya, ka yi haƙuri, wannan karon ita za ta fara magana."

Malama ta ce ya ƙarasa karatunsa. Suka kama ɗaki kusa da makarantarta, hedimasta ya mayar da ita aiki. Haƙurinta ya riƙe auren, amma ranar haihuwar Bebi ba za ta dawo masa ba, kuma har gobe abin na cin sa.

Samari, kafin ku nemi shawarar duniya, ku fara tambayar wadda za ta ɗauki nauyin hukuncinku.