Gayyar Mutanen Ruwa

"Ke dai ki nuna mini gonar, sauran ki bar mini."

Safiyatu ta ɗago kai daga ƙwaryar man kaɗen da take sayarwa, ta dubi Malami. Kasuwar Lolo ta cika maƙil, fataken Dahomi na lakatar mai da yatsa suna tayawa, kuma duk inda mutum biyu suka tsaya zancen mulkin kai suke yi, wai bana Turawa za su naɗe tabarmarsu. Malami kuwa ko a jikinsa. Shi mulkin da yake nema yana zaune a gabansa, ya ɗaura kallabi ja.

"Mi za ka yi ma gonar Baba?"

"Gayya za ni kai mashi. Samarin unguwarmu duka, har da makaɗa. Saurar nan da kika ce yana son buɗewa bana, in ya dawo daga Bagudo shi ishe mun share ta tas."

"Ba ka gaya mashi ba?"

"In na gaya mashi ina daɗin? Ina son shi san mutanen ruwa ma sun iya tudu, sanyin idona."

Ta sunkuyar da kai tana dariya, zuciyarta fal. Ai dole. Tun da Malami ya kai goron neman aurenta garinsu Geza, mahaifinta Ɗanaudu bai ce a'a ba, amma kuma bai saki fuska ba. Yakan ce yaron da ya tashi tsakanin kwalekwale da fadamar shinkafa, me ya sani game da gonar tudu? To ga ranar nuna masa ta zo. Nan take ta kwatanta wa Malami hanya, bayan dutsen gabas, inda babbar ɗorawa take.

Ranar gayya tun da hantsi ake jin ganga daga cikin gari. Safiyatu da Gwaggo Dela, ƙanwar mahaifinta wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, suka dama fura har hannu ya gaji. Safiyatu ta ɗauki ƙwarya ta kama hanya, ƙafarta na bin kiɗan ba da saninta ba.

Da ta zagayo dutsen sai ta ja ta tsaya.

Aiki kam an yi shi. Samarin Lolo sun yi wa saurar irin sharar da suke yi wa fadama, ba su bar ko tsinke ba sai manyan itatuwa. Sabara da kalgo duk suna ƙasa. A cikinsu kuwa har da ƙananan itatuwan kaɗanyar da Inna ta raina, waɗanda take kewayewa da ƙaya kowane rani tana cewa na ɗakin Safiyatu ne. Wasu sun kai tsayin mutum. Bazara ce, sun zubar da ganye, baƙo ba zai bambanta su da sauran daji ba. A Geza ko yaron goye ya san ba a taɓa su, shi ya sa bai ko zo mata a rai ta faɗa ba.

Malami ya taho da gudu, gumi na zuba, bakinsa har kunne.

"Kin gani? Yanzu sai wuta, mu gama."

Sai a lokacin ta lura sun tara sassaben a kan kututturan, wani har ya kunno bakin wuta a hannu.

"Kada ka sa!"

Ƙwaryar ta kife, fura ta malale a ƙasa. Makaɗa suka yi tsit. Safiyatu ta faɗa cikin tarin ƙaya tana ja da hannu biyu, tana kuka tana magana.

"Ku janye su daga kan kututturan... in wuta ta ci saiwa sun tahi ke nan. Na Inna ne, Malami. Na Innata ne kun ka sare."

Addar ta faɗi daga hannunsa. Bai tambayi komai ba, ya shiga ja tare da ita, sauran ma suka bi.

A haka Ɗanaudu ya iske su da la'asar, a kan jakinsa. Ya sauka bai amsa gaisuwar kowa ba. Ya tsuguna gaban kututturen da ya fi kauri, ya shafa farin danƙon da ke tsattsafowa, ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Baba, ni na nuna mashi gonar," in ji Safiyatu. "Laifina ne."

"Na ji. Wuce gida." Ya juya wajen Malami, muryarsa a kwance. "Yaro, na san alheri ka nufa. Amma wanda bai san abin da ake bari a gona ba, ban iya ba shi ɗiyata. Gobe za a maido muku goronku."

Safiyatu tana son Malami, so na gaske, wanda ko tunanin rasa shi ba ta taɓa yi ba. Amma ta ga idon mahaifinta ya kaɗa, abin da rabonta da gani tun ranar da aka fita da Inna. Da wane baki za ta yi masa gardama? Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Goro ya koma Lolo, amma Malami bai koma ba.

Gwaggo Dela ce ta kawo labarin, tana dariya tana riƙe haɓa. Wai ya kafa bukka a bakin gonar. Ya tare ta a hanyar rijiya ya tambaye ta ko icen da aka sare yana tashi, ta ce masa yana tashi in awaki da wuta sun ƙyale shi. To shi ke nan, ya ɗauki abin ya aza wa kansa. Ya bi kututturan ɗaya bayan ɗaya yana kewaye su da ƙaya. Ya share hanya a gefen gonar don kada wutar maƙwabta ta tsallako. Shanun da ke ƙetarowa daga Dahomi kuwa, ya koyi Fulatancin roƙo a kansu, dole ta sa.

'Yan Geza suka sa masa suna mai gadin kututture. 'Yan'uwansa suka zo har sau biyu, suka ce ruwa ya janye, kifi na banza a kogin Kwara, shi yana nan yana kiwon itace. Ya ce su gaida gida.

Safiyatu ba ta je ba, don Baba ya hana. Tana jin labarinsa tana ramewa. Sai da kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya, mata suka fita tsinta, hanya ta bi da ita ta gefen gonar. Ta gan shi ya yi baƙi, hannuwansa duk tabon ƙaya.

"Malami, ka koma gida... Baba ba shi sake magana."

"Ko bai sake ba, ni na sare su, Safiya."

"In ba su tashi ba fa?"

"In na tahi ai ba su tashi." Ya yi murmushi. "Kin rame, rabin raina."

"Kai ma ka ga kanka?"

Suka yi dariya tare, hawaye na zubo mata. Ta ajiye masa 'yan kaɗe masu zaƙi a kan dutse ta yi sauri ta bi sauran mata.

Ruwan farko ya zo da iska, na biyu ya jiƙa ƙasa sosai. Wata safiya ta fita tsinta, sai ta hango Malami yana tsalle a tsakiyar gona shi kaɗai, yana ɗaga mata hula. Ta manta da hani, ta manta da kwandon da ke kanta. Ta leƙa cikin ƙaya, ga wasu 'yan ganye jajaye masu sheƙi sun fito daga gindin kututture. Ta ruga na gaba, akwai. Na gaba ma akwai.

Ba ta san lokacin da ta iso gida ba. Ta iske Baba yana gyara ƙotar fartanya, ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

"Baba, taho ka gani. Don Allah taho."

Gwaggo Dela ta yafa zane ta biyo su, tana haki tana cewa a jira ta.

Ɗanaudu ya zagaya gonar a hankali, hannuwansa a baya. Ba duka suka tashi ba. Babban nan da ya shafa ranar gayya ya bushe ƙayau, ya tsaya a kansa. Daga nan ya duba shingen ƙayar, ya duba bukkar da ruwa ya rusa gefenta, ya duba hannun Malami da ke durƙushe can nesa. Ƙanwarsa ya kira, da muryar da kowa zai ji.

"Dela."

"Na'am, Yaya."

"Waɗanga sun koma jarirai. Kafin su yi 'ya'ya, Safiyatu ta manyanta, ni kuwa Allah kaɗai ya san inda nike. Sai dai ɗiyatta ta tsinta." Ya share ido da bakin rawani. "Ki aika Lolo su maido goronsu. Ki ce da kaka muke son biki, kada itatuwa su riga jikata girma."

Gwaggo Dela ta rangaɗa guɗa. Safiyatu ta rufe fuska da mayafi ta durƙushe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana kuka tana dariya.