Ruwan Langa na Aji Huɗu

Akwai wani mutum a Bebeji, ba zan faɗi sunansa ba, amma ya san kansa. Shi ne ya kusa kashe wa wani yaro karatu da bakinsa. Ya tare shi a hanya ya ce, "Kai da za ka zauna jarrabawar shiga makarantar Midil ta Kano, me ya haɗa ka da guje-guje? Duk tsalle ɗaya, karatu ɗaya ke zubewa."

Ji maganar banza! Amma yaro ya ɗauka.

Daga ranar, da an kaɗa ƙararrawar wasa, sai ya sulale bayan rumbun maƙwabta da littafinsa. 'Yan aji huɗu na can fili suna langa, shi yana nan yana haddar lissafi.

Mako biyu, yaro ya rikice. Ya zauna, ya tashi. Ya buɗe littafi, ya rufe. Layi ɗaya sai ya karanta sau biyar bai shiga ba. Tuwo ma sai ya tsakura ya ture.

Iya ta dube shi. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai wannan, ƙaya ce a tabarmar? Zauna mana!"

"Iya, kaina ne ke sara."

"Yo ba dole ba? Ko akuya aka ɗaure wuni guda sai ta yi kuka."

Ranar Laraba Malam Ladan, malamin ajinsu, ya yi musu gwaji. Yara biyar kawai za a kai jarrabawar. Yaron nan da ya saba zuwa na ɗaya ya zo na tara.

Malam ya kira shi. "Ina kake zuwa lokacin wasa?"

Yaro ya durƙusa, ya faɗi gaskiya duka.

Malam ya ce, "To, saura gwaji ɗaya kafin in rubuta sunaye. In ka sake haka, ba ka ciki. Yau kai ne ruwa."

A langa, kowa kan kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle. Ruwa shi ne wanda 'yan ɓangarensa ke karewa har ya kai gida, wato wurin da aka shata a fili. Yaro bai yi tsalle goma ba, ya faɗi rim.

Abokinsa Mudi ya bushe da dariya. "Malam, wannan ruwan ai ya zube tun a bakin rijiya!"

Yaro ya ji haushi, ya miƙe. Ya faɗi, ya sake miƙewa. A rana ta huɗu ya kai gida, 'yan ɓangarensa suka ɗaga shi sama. Ya koma wurin Iya ya cinye tuwonsa, har ya nemi ƙari.

Ciwon kai ya tafi. Zama ya zaunu. Abin da ya karanta sau ɗaya ya tsaya.

Da aka sake gwaji ya zo na biyu. Malam Ladan ya rubuta sunansa, ya ce, "Lokacin karatu, karatu. Lokacin wasa, wasa. Jikin da ya motsa shi ke riƙe ilimi."

Yaro ya ci jarrabawa, ya tafi Kano.

To, yara, wasa ba ya zubar da karatu, ƙarfi yake ba shi. Wanda ya ce ƙarya nake, ya wuni a zaune wuri ɗaya da littafi, gobe ya zo ya gaya mini abin da ya riƙe.