Akuya Mai Haƙoran Sama

Ranar da ta fara shiga lambun sayar da shuke-shuke, da kwamfuta a hammata ta shiga, takalminta mai tsini na nutsewa cikin laka. Aikinta a kamfani shi ne zana duniyar wani wasan waya, wata hamada ta ƙirƙira mai aljanu da dodanni. Dodannin ba su ba ta wahala ba, tunda babu wanda ya taɓa ganin dodo balle ya ce an yi kuskure. Abin da ya gagare ta shi ne ciyawa da bishiya da akuya.

Mai lambun, saurayi ne dogo mai kaushin hannuwa, ya leƙa zanenta ya danne dariya.

"Wannan bishiyar a hamada take?"

"Eh mana. Ba ta yi kyau ba ne?"

"Ta yi kyau sosai. Sai dai da wannan faffaɗan ganyen, kafin azahar ta mutu. Bishiyar hamada marowaciya ce, ganyenta ƙanana, duk ta kewaye kanta da ƙaya."

Ta harare shi, amma ta jawo bokiti ta kifa ta zauna. Har la'asar yana yi mata bayani: tozon raƙumi kitse ne ba ruwa ba, ƙadangare ba ya yawo da tsakar rana, bushiya dunƙulewa take yi in ta tsorata. Da za ta tafi ta ce ya ba ta lambarsa saboda aiki. Shi ma ya ce saboda aiki, kowa yana kallon ƙasa.

Aikin nan kuwa ya yi ta tsawo. Ta sa masa suna Malam Gyara, shi kuma yana ce mata Sarauniyar Rairayi.

"Sarauniya, na ga ɓeran da kika zana. Ki ƙara masa tsawon ƙafar baya, tsalle yake yi. Kin ci abinci kuwa?"

"Na ƙara, Malam Gyara. Ban ci ba, ina jiran a gyara min wannan ma."

Wata huɗu ana haka, sai ya zo gaida Baba. Baban nata tsohon malamin makaranta ne, wanda har takardar gayyatar biki sai ya bi ta da jan biro. Ya dubi hannuwan saurayin, ya dubi takalminsa, ya tambayi inda ya tsaya a karatu. Dama zuciyar Baba ta karkata ga shugaban sashen da take aiki a kamfani, mai zana dodanni, wanda ya zo sau biyu da mota mai sheƙi da kwandon 'ya'yan itace.

"Yaro, ban san ka ba," in ji Baba. "Wata uku, kada ka kira ta, kada ka tura mata saƙo. In ka karya, magana ta mutu."

"To, Baba."

Ta ɗauka "to" ɗin nan na baki ne. Sai ga mako ya wuce, biyu sun wuce, waya shiru. Ta tura masa: "Malam Gyara, ko gaisuwa ma babu?" Ta ga alamar ya karanta, bai amsa ba. Ranar ta yi kuka a banɗakin ofis har idonta ya kumbura, ta rantse ta cire shi daga ranta. Shugaban sashe kuwa ya samu fili, kullum yana jingine da teburinta yana ba ta labarin sabon gidan da ya kama.

A lokacin ne kamfani ya saki wasan don gwaji, da akwatin da 'yan wasa ke rubuta kurakuran da suka gani. Na dabbobi da tsirrai teburinta suke zuwa. Yawanci ƙorafi ne a kan takobi da dodo, amma akwai wani ɗan wasa mai lamba kawai, babu suna, wanda kowace safiya yake aiko da layi ɗaya.

"Ciyawar bakin rijiya ta yi tsawo da yawa. Inda dabbobi ke sha, ƙasa a tattake take."

"Kunamar tana zaune a rana. A mayar da ita ƙarƙashin dutse."

A rana ta uku ta gane shi. Ta rufe bakinta da gyale tana dariya, hawaye na zuba a kan madannan kwamfuta.

Sai dai murnar ba ta ɗore ba. Shugaban sashe ma yana ganin akwatin, kuma ba wawa ba ne. Ya buga saƙonnin a takarda, guda arba'in da ɗaya, ya kai wa Baba da kansa.

Baba ya aika aka kira mai lambu. Ita tana laɓe bayan labulen falo, Umma riƙe da hannunta. Baba ya sa tabarau ya ɗauki jan biro, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana neman kalmar soyayya. Bai samu ko "sannu" ba.

"Ka san ita ke karanta waɗannan?"

"Na sani, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"To me ya kai ka?"

"Baba, ta zana akuya da haƙoran gaba a sama. Akuya ba ta da su. In wasan ya fita haka, ita za a yi wa dariya. Na iya haƙurin rashin jin muryarta, amma wannan na kasa."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ke, fito daga bayan labulen nan, ƙafarki a waje take. Ashe duk kuɗin makarantar da na kashe, akuyarki da haƙoran sama take yawo?"

"Na gyara, Baba," ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ya gyara." Ya juya ga saurayin. "Ka taka gefen dokata, ban ce ba ka taka ba. Amma mutumin da ke tsare mutuncin 'yata alhali an hana shi ita, ban ga dalilin da zan sa ya cika wata uku ba. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Shugaban sashe bai zo ba, ya dai aiko da agogon bango. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun angon ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

"Shekara ashirin da biyar ina gyara mata, wani lokacin har da faɗa. Kai na ga ka iya yi ba tare da ka sa ta jin kunya ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka. Baba ya ɗaga kai sama, ya ce ƙura ce ta shigar masa ido.