Hanyar Sarƙa a Rufe Take

"Ka fita mini daga nan tun ina ganin mutuncinka!"

Seraina ta saki ludayin cikin tukunyar miya ta fito da gudu. Mahaifinta Linard na tsaye tsakanin teburan baƙi, fuskarsa ta yi jawur. A gabansa Andri ne, saurayinta, wanda aka sa ranar aurensu a watan Satumba, hularsa a hannu, jakar burodin da ya hauro musu da ita rataye a kafaɗa.

"Sar Linard, don Allah ka saurare ni..." in ji Andri, yana kiransa da "Sar", kalmar girmama dattijo a yankinsu.

"In saurari me? Sati biyu ke nan! Tsakiyar Yuli, baƙi sun cika gari maƙil, ni kuwa kullum aladu nake juye wa miyar sha'ir. Dubi teburan nan, ko ƙuda ba ya sauka!"

"Ba da son raina na rufe hanyar ba. Tsagar da ke saman sarƙar nan ƙara buɗewa take. Da na auna a farkon wata yatsu biyu ne ke shiga, shekaranjiya hannuna ya shige har gwiwa. Ƙanƙarar da ke riƙe da dutsen daga ciki ce take narkewa."

Linard ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ji mai gwangwanin fenti zai koya mini dutse! Ni da mahaifina muka kafa sarƙar nan, lokacin uwarka ma ba ta san za ta haife ka ba."

"Bap!" Seraina ta kira mahaifinta.

"Ke yi mini shiru! Kai kuma ka ji da kyau. Muddin allon gargaɗin nan naka yana tsaye a bakin hanya, to ba ni da 'yar da zan ba ka."

Ya shige ɗakin cuku ya bugo ƙofa.

Aikin Andri ke nan a gunduma, kula da hanyoyin masu yawon dutse. Shi ke shafa ja da fari a kan duwatsu, shi ke gyara gada da sarƙa, shi kuma ke rufe hanya in ta zama haɗari. Hanyar Sarƙa kuwa ita ce abin da ke kawo baƙi bukkar su Seraina. Awa ɗaya da rabi ce daga tashar motar igiya mai hauro da mutane kan dutse, ta gefen koren tabki, ta cikin furanni, sannan ta ratsa ƙirjin dutse inda mutum ke tafiya riƙe da sarƙa, kwari na ƙarƙashin ƙafarsa. Ɗaya hanyar ta cikin daji awa huɗu ce, babu mai son ta.

Seraina ta raka Andri har bakin shingen shanu.

"Andri, ba za a iya buɗe ta ko da safe kaɗai ba? Tun rasuwar Mamma bukkar nan ce kawai ta rage masa..."

Ya riƙo hannayenta duka biyu.

"Abar ƙaunata, in na buɗe ta wani ya mutu, da wane ido zan dube ki? Gara ya tsane ni yana raye."

"Tsoro nake ji."

"Ni ma haka. Ki yi mini alkawari ɗaya, ko akuya ce ta ɓata ta can, kada ki bi ta. Musamman in rana ta bugi dutsen."

Ta gyaɗa kai. Ya sumbaci goshinta ya kama hanyar daji.

Washegari wajen ƙarfe goma da rabi ta zagaya bayan bukka ɗebo itace. Tana janye buhun da aka rufe itacen da shi sai ga wani abu ja ya leƙo. Ta ja shi.

Allon ne. Rubutu cikin harsuna huɗu, da hoton duwatsu na zubowa. Ga jar igiyar da ake tare hanya da ita a naɗe a gefensa.

Ba ta san lokacin da ta isa ɗakin cuku ba.

"Bap! Mene ne wannan?"

Bai ko juyo ba, ya ci gaba da goga gishiri a jikin cuku.

"Abin da kika gani."

"Yaushe ka ciro shi?"

"Da asuba. Na bi hanyar da ƙafata, zuwa da dawowa, ko tsakuwa ba ta faɗo ba."

"Da asuba ai dutsen a daskare yake! Bap, motar igiya ta fara jigila tun tara!"

Ta fizgi madubin hangen nesa daga ƙusa ta haye dutsen da ke gaban bukka. Ta saita shi kan hanyar. Tabki... furanni... farkon sarƙa...

Sai ta gan su. Mace cikin rigar sama ruwan ɗorawa, bayanta namiji goye da yarinya a kujerar goyo, 'yar farar hularta na rangaji. Rana kuwa ta riga ta sauko rabin dutsen da ke samansu.

Ta zaro waya.

"Wa za ki kira?" Linard ya tambaya daga bayanta.

"Andri."

"Kin san abin da zai biyo baya? Dole ya rubuta rahoto. Hukuma za ta ƙwace bukkar nan, wataƙila har kotu. Ni ubanki, Seraina!"

"Akwai yarinya, Bap..."

"Za su wuce lafiya! Shekara arba'in ana wucewa! In kika danna wayar nan, to kin zaɓa."

Ta dubi fuskarsa. Mutumin da ya koya mata tatsar saniya, wanda ya iya yi mata kitso bayan Mamma ta rasu, har mata suna yi masa dariya. Hawaye suka zubo mata. Ta danna.

"Andri... allon yana nan gidanmu. Akwai mutum uku a kan sarƙa, ɗaya jaririya."

Andri ya amsa da sauri.

"Ina kusa da mahaɗar hanyar daji da ta sarƙa, zan shiga ta ƙasa. Kira masu ceto yanzu. Kuma Seraina... ki tsaya inda kike!"

Tana cikin ba masu ceto bayani ta ji wani sauti, kamar an fasa babban faranti a nesa. Ɓerayen dutse suka ɗauki fito ta ko'ina. Ƙararrawar wuyan shanu ta rikice. Wasu duwatsu uku suka taso daga sama suna tsalle, suka wuce gaban matar da 'yan taku kaɗan suka faɗa kwari.

Ihun matar ya iso har bukka.

Ta waiga. Duk jan da ke fuskar mahaifinta ya gudu. Sai kawai ya jefar da tsumman da ke hannunsa ya zuba da gudu.

"Bap! Bap, dawo!"

Ina! Ta bi shi, alkawarin da ta yi ko tuna shi ba ta yi ba. Tsoho mai shekara sittin da uku, amma sai da suka kai bakin sarƙa ta cim masa. Ya juyo ya danƙe kafaɗunta.

"Nan za ki tsaya. Ki rantse!"

"Bap..."

"Ni na jawo, ni zan fito da su. In na rasa ki a nan ban san inda zan sa kaina ba."

Ya kama sarƙa ya shiga.

Daga inda take tana hango komai. Baƙin sun ƙame a tsakiya, matar ta durƙusa ta rungume sarƙa da hannu biyu, mijin na yi mata magana cikin harshensu, yarinyar na tsala kuka. Tsakuwa na yayyafowa a kansu ba tsayawa. Can ɗaya gefen ta hango Andri yana tahowa da sauri, ko sarƙar ba ya taɓawa.

Addu'ar da ta zo bakinta ta yara ce, wadda Mamma ke karanta mata, ita take ta maimaitawa.

Linard ne ya fara isa.

"Kogo! Akwai kogo taku goma a gabanku!" yake ihu yana nuni. Ya tura mijin da goyonsa ƙarƙashin wani dutse da ya turo baki kamar rumfa. Matar kuwa ta ƙi sakin sarƙa. Andri ya iso ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ta cak ya miƙa wa Linard.

Wurin ba ya cin mutum biyar. Seraina ta san haka, tun tana yarinya take fakewa ruwan sama a ciki.

Ta ga mahaifinta ya fito yana tura Andri ciki. Ta ga Andri ya girgiza kai. Suna ja-in-ja a bakin rami, kamar ba su ji abin da ita take ji ba, wani gurnani daga cikin dutsen da har tafin ƙafarta yake kaɗawa.

"Ku shigaaa!"

Abu na ƙarshe da ta gani shi ne Andri ya sa kafaɗa ya hankaɗa tsohon ciki, ya juya bayansa ya toshe bakin kogon da jikinsa.

Sai dutsen ya sauko.

Ƙarar ta jefar da ita ƙasa. Rana ta ɓace. Ƙura ta cika mata baki da hanci, ƙasa na rawa, ita kuwa ta dunƙule ta toshe kunnuwa tana kiran sunaye biyu, ba ta ma jin muryar kanta.

Ba ta san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da abin ya lafa, shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro.

"Andri...? Bap...?"

Babu amsa. Sarƙar ta tsinke tana lilo a iska. Inda hanya take ɗazu, babu komai sai sabon farin dutse.

"Andri! Don Allah ka amsa mini!"

Sai ta ji kukan yarinya. Siriri, a shaƙe, amma kuka ne. Bayansa muryar mahaifinta, wata irin murya da ba ta taɓa jin ya yi ba.

"Yana numfashi! Seraina, yana numfashi! Ina riƙe da shi... ba zan sake shi ba... ce su yi sauri!"

Minti goma sha huɗu jirgi mai saukar ungulu ya yi kafin ya iso. Duk tsawon lokacin Linard na kwance rub da ciki a bakin kogo, hannayensa biyu cikin ɗamarar Andri, wanda rabin jikinsa ke reto a kan kwari.

Baƙin uku ko ƙwarzane ba su yi ba. Andri kuwa sai da aka shiga da shi tiyata sau uku a babban asibitin birni. A ta ukun ne likita ya zaunar da Seraina ya gaya mata ƙafar hagu ba za ta tsira ba, daga gwiwa zuwa ƙasa.

Kwana biyar tana gefen gadonsa. Mahaifinta bai zo ba, ita ma ba ta kira shi ba. In ta ɗauki waya sai ta ji ba ta san da wane baki za ta yi masa magana ba.

Rana ta shida da hantsi Andri ya farka sosai. Ya daɗe yana kallon inda bargo ya kwanta ba tudu.

"Yarinyar fa?"

"Lafiya lau. Uwarta kullum sai ta bugo."

Ya lumshe ido.

"Zuciyata, in 'yan sanda suka zo, ce musu zan yi ban san wanda ya cire allon ba."

"Ba sai ka wahalar da kanka ba."

Duka suka juya. Linard ne a bakin ƙofa, cikin baƙar kwat ɗin da yake zuwa coci da ita. Ya rame, gemu ya fito masa fari fat.

"Na je wurin 'yan sandan da kaina tun ranar. Na sa hannu a komai. Jiya na sauko da shanu, na miƙa makullin bukka."

"Bap..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Ya tako a hankali har gaban gado, amma ya kasa ɗaga ido.

"Ban zo neman gafara ba, don ban ga ta inda zan fara ba. Tambaya ɗaya na zo da ita. Ita ba ruwanta, ita ce ma ta tona ni. Za ka iya auren 'yar mutumin da ya yi maka wannan?"

Andri ya dubi tsohon, ya daɗe yana dubansa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ina jin haushinka, Sar Linard. Ba zan ɓoye maka ba. Wataƙila in daɗe ina ji."

"Ya kamata."

"Amma matakalar cocinmu ashirin da biyu ce, kuma likita ya ce ba zan samu ƙafar roba ba sai hunturu. Ban san yadda zan hau ba ranar auren."

Kafaɗun Linard suka fara girgiza. Ya durƙusa a gefen gado, ya kifa goshinsa a kan hannun Andri.

"Ni zan goya ka, ɗana," ya ce cikin kuka. "Har gaban limami zan goya ka."

Seraina ta zagayo ta durƙusa kusa da shi, ta ɗora hannunta a kan nasu.