Keken Ɗinkin Maƙwabci

"Ɗauke abincin nan, Auta, ba na ci."

Inna ba ta ko juyo daga jikin taga ba. Tun da babban ɗanta, Injiniya, ya sayar da tsohon gidanta ya dawo da ita saman benensa, nan take wuni. Ta rame, barci ya ƙaurace mata, magana ma sai an ja ta. Likita ya ce damuwa ce, Injiniya ya ce, "Damuwar me? Me ta rasa?"

Auta ta durƙusa a gabanta.

"Inna, don Allah ki faɗa min."

"Gidan nan shiru ya yi masa yawa," in ji Inna. "Can, kafin in gama shara Tela ya buɗe shago, kekensa na girgiza bangon ɗakina har yamma."

"Ba ke ce kullum kike buga masa bango wai ya hana ki barcin rana ba?"

"Faɗan ma ai hira ce..."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ya sha zuwa fa, Inna. Yaya ne ya sa maigadi yake cewa kina barci. Wai aurenki yake nema, wai da furfura abin kunya ne."

Hawaye suka zubo wa Inna.

Washegari da hantsi ta ji shi. Kar-kar-kar... a bakin ƙofarta! Ta tashi da saurin da ta manta tana da shi.

Tela ne zaune a ƙasa yana haki, keken hannu a gabansa yana juyawa. Auta ce ta shigo da shi.

"Malam, har nan ka biyo ni da hayaniyarka?"

"Tun da kika tashi ba wanda ya buga min bango. Ɗinkina ma karkacewa yake, tauraruwata."

"Ji tsoho da daɗin baki. Keken ma ko zare babu."

"Ai ba ɗinki na zo yi ba."

Dariya ta kuɓuce mata, daidai lokacin da Injiniya ya hayo a fusace. Ya tsaya cak. Rabon da ya ji wannan dariyar tun ranar da aka loda kayanta a mota.

"Auta, kawo abincin nan," in ji Inna. "Cokali biyu."

Injiniya ya goge ido da bayan hannu, ya rusuna.

"Baba Tela, a gafarce ni... A turo magabata."

"Ɗana, a danginmu ni ne magabacin. Ga ni na zo."

Yanzu an ɗaura aure, Inna a gidan Tela take, kusa da tsohon gidanta. Babu bango a tsakaninsu, amma kullum da rana sai ta buga gefen teburinsa ta ce ya rage ƙara.

Shi kuwa sai ya ƙara gudu, ita kuma ta yi barcinta.