Bututun da Ba Ya Bisimilla

Rana ta gangara bayan duwatsu, inuwa ta cika tsakar gidan Gabdo a Wuro Patuji, amma shi yana kwance a ƙarƙashin mota. Gabdo mai gyaran lagireto ne, kuma duk Mubi an san hannunsa, shi ma ya san an sani, wanda shi ne ciwonsa. Motar ta Dennis ce, likitan dabbobi da ke shiga duwatsun Michika yana yi wa shanu allura. Yakan kwana biyar a daji, sanyi na cin ƙashinsa. Shi ya ce wa Gabdo, "Oga, in ka sa motan nan ya ba ni ruwan zafi na wanka, na yarda kai ne babba."

To, Gabdo ake gaya wa haka? Mako uku ya yi yana fama. Ya ɗaura tanki a ƙarƙashin motar, ya naɗe bututun jan ƙarfe a cikin akwatin da ruwan lagireto ke ratsawa, ya sa ƙaramin famfo mai aiki da batir, da tiyo, da kan shawa. Don kada tankin ya fashe, ya ƙara wani ɗan bututu mai kallon ƙasa, wanda ke fesar da tafasasshen ruwa da kansa idan zafi ya yi yawa, galibi jim kaɗan bayan an kashe inji.

"Baban Habibat, magariba ta yi," in ji matarsa Adi daga bakin murhu. "Ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa yanzu."

"Na sani. Yaro ne ni?"

Ya yi bisimilla da ƙarfi don ta ji, ya buɗe shawa, ruwa ya zubo yana tururi cikin bokiti. Ya yi dariya, ya kashe inji, ya wuce masallaci. Ba kowa a gindin katangar da motar ke tsaye lokacin da ɗan bututun ya yi tsaki ya fesa. Habibat kaɗai, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, ta ɗago kai daga wanke-wanke ta ce ta ji kamar jariri ya ƙwalla ƙara.

Washegari Dennis ya ɗauki motarsa ya nufi duwatsu. Da magaribar ranar, dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan. Sai na biyu. Gabdo ya fita da sanda yana zagin 'ya'yan maƙwabta, bai ga ko akuya ba. Adi ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ta yar da sauri, domin zafi ne da shi kamar daga murhu aka ciro.

Haka aka yi ta yi. Da rana gidan lafiya lau. Da zarar ladan ya buɗe baki, kaji su yi tsit, jifa ta fara, daga gindin katanga kuma a riƙa jin wani siririn kuka da ba ya tsayawa shan iska. A rana ta uku Habibat ta ƙi wanka. A ta huɗu Adi ta miƙa mata kofin ruwa, ta kurma ihu ta faɗi. Da aka ɗaga rigarta, sai ga ƙuna a bayanta ta ɗuri ruwa, alhali yarinyar ko kusa da wuta ba ta je ba. Asibiti suka sa magani, kowace magariba sabuwa ta fito. Tsoro ya kama Gabdo sosai, wanda bai taɓa jin irinsa ba. Adi ta tsare shi sai da ya aika wa Dennis saƙo ya dawo da motar, amma can cikin duwatsu waya ba ta shiga.

Ran kwana bakwai aka ɗauko Modibbo Maharazu daga Digil, wani tsohon malami siriri da ba ya son yawan magana. Ya zauna a kan buzu kusa da yarinyar, ya jira har rana ta faɗi, sannan ya fara karatu a hankali. Jifa ta fara, ta tsaya. Habibat ta tashi zaune, wuyanta ya karkace, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ka daina, Modibbo. Ƙunar da aka yi mini ta isa."

"Wace ce ke?"

"Mai gindin katanga. Tun ba a gina gidan nan ba nake nan. Jikana yana barci aka sheƙa masa tafasasshen ruwa."

"Wallahi na yi bisimilla!" Gabdo ya faɗa. "Adi shaida ce!"

Kan yarinyar ya juyo gare shi a hankali, idanun ba nata ba. "Kai ka yi, muka ji, muka kauce. Da ka tafi muka dawo. Wannan ƙarfen da ka ƙera, wa ya koya masa bisimilla? Yau kwana bakwai yana yawo a bakin kogi da gindin duwatsu, yana tofi a kan dangina ba sallama. Duk wanda ya ƙona can, ni nake rubuta shi a bayan 'yarka."

Gabdo ya zauna daɓas. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba ke nan.

"Yarinyar nan ba ta ƙera komai ba," in ji Modibbo. "Zalunci ne, kin kuma sani. Ki fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba za a yanka miki ko ƙadangare ba."

Ya ci gaba da karatu, jikin yarinyar ya dinga karkarwa, har muryar ta yi laushi. "Zan fita. Amma ku ji sharaɗina. In ɗigo ɗaya na ƙarfen nan ya sake taɓa ƙasa kafin a cire shi, zan dawo, kuma ba ƙuna zan bari ba. Da ita zan tafi."

Modibbo bai kai ga amsawa ba suka ji ƙugin mota a ƙofar gida. Saƙo ya isa ga Dennis, ya taho a guje tun daga duwatsu, inji ya ɗau zafi. Suka ji ya yi hon sau biyu, sannan ya kashe.

Gabdo kaɗai ya san abin da ke biyo bayan wannan shirun. Ya zabura ya bangaje ƙofa, ya wuce Dennis da ke cewa "Oga, lafiya?", ya faɗa ƙarƙashin motar. Bututun ya riga ya fara tsaki. Babu bokiti, babu kwano, babu lokaci. Ya dunƙule gaban rigarsa ya toshe bakin, ya damƙe da hannu biyu.

"Bisimillahi! Dennis, roba! Kawo roba!"

Ruwan ya zo. Maƙwabta har gida na huɗu sun ji ihun Gabdo, amma bai saki ba. Abin da ya tsere tsakanin yatsunsa a ƙirjinsa ya sauka, riga ta shanye. Sai da Dennis ya fizgo robar wanki daga tsakar gida ya tura ƙarƙashin bututun, sannan aka ɓamɓare hannayen da ƙyar. Modibbo ya haska ƙasa da tocila, ya shafa da tafinsa. A bushe take.

A cikin ɗaki Habibat ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce ƙishirwa take ji. Dennis da kansa ya kwance bututun a daren, Gabdo na gaya masa ƙusar da zai juya.

Ƙunar bayan yarinyar ta warke cikin mako biyu. Yatsun Gabdo kuwa a lanƙwashe suka warke, har yau ba sa riƙe sifana. Habibat ba ta tuna komai ba, aka kuma haɗa baki ba a gaya mata ba. Ran da aka kwance masa bandeji, ita ta kawo masa abinci. Ta daɗe tana kallon hannayen, hawaye ya cika mata ido.

"Baba, wai garin yaya ka yi wannan ganganci?"

Gabdo ya dube ta, lafiyayya, tsaye a gabansa.

"Aiki ne, Habibat," ya ce. "Zo ki ba ni a baki."