Bangon da Ya Sha Mai

Ranar da Salmanu ya fara ganin Ummuhani, gaskiya ba ita ya kalla ba. Ƙosai take sayarwa a bakin tashar Garwa. Da ta naɗe masa nasa, idonsa ya maƙale a takardar: bangon wata tsohuwar mujallar zane ta Faransanci ne, wani jarumi mai jan mayafi ya ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya.

Salmanu akawu ne, da gemunsa da komai, amma ƙarƙashin gadonsa akwai akwati cike da irin waɗannan mujallu. Ba wanda ya sani. Ina zai kai kunya, a ce ɗan malam guda yana tara hotunan ƙarti masu sa kamfai a kan wando?

Kullum sai ya zo. "Naɗe min a waccan mai launi," in ji shi. A gida ya tsotse man da toka, ya danne da dutsen guga. Kafin ya farga, ya daina duba takarda, ya koma duba mai naɗin. Har magabatansa suka je gaisuwa.

Sai Usmanu direba, wanda ya daɗe yana sonta, ya kai wa mahaifinta labari: ya ga Salmanu yana kyautar da ƙosan, yana cusa takardar a aljihu. Tsohon ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mai wasan yara.

"Ashe takarda kake so, ba ni ba?" Ummuhani ta tambaye shi a zaure.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Da fari takarda ce, Hanina. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Washegari ya ɗauko akwatin a ka, ya ratsa unguwa ana kallonsa, ya dire a gaban mahaifinta. "Baba, ga abin da nake ɓoyewa. A naɗe ƙosai da su duka."

Tsohon ya daɗe yana juya wani bango. "Zanen dai ya yi kyau," ya ce. "Tashi, na ba ka."

Ranar tarewa Salmanu ya shiga ɗakin amarya, ya tsaya cak. Saman jeren kwanukanta ga jarumansa nan cikin gilashi, mai jan mayafin a tsakiya da tabon mansa.

"Wannan ne ya kawo min kai, Jarumina," ta ce tana rufe fuska. "Ba a naɗe ƙosai da waliyyi."

Allah ya ba su zaman lafiya.